Nasiha: Abin da Kake Sha da Alwalarka

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wasu kaburbura biyu, ya ce ana yi wa masu su azaba: ɗaya saboda yawo da annamimanci, ɗayan kuwa ba ya kiyaye kansa daga fitsari. Mun sha jin hadisin nan a wajen karatu, amma galibi a kan buta da kama ruwa muke tsayawa. Ba kasafai muke waiwayar abin da muka ɗura wa cikinmu tun safe ba, alhali sau da yawa daga nan matsalar take tasowa.

Dubi ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Ya karya da shayi mai kauri, an barbaɗa masa Nescafe a kai. Hantsi ya yi, ya ɓara goro ya jefa a kumatu. Rana ta take, yaron shago ya miƙo masa gorar Fearless, lemon ƙara kuzari, mai raɓa. Ana tayar da Azahar, ga shi a sahu yana matse cinyoyi, liman na raka'a ta biyu shi kuwa zuciyarsa na banɗaki. Ina khushu'i a nan? Ga shi Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa babu sallah ga wanda fitsari ko bayan gida ya matsa masa.

Duk abubuwan nan da ya sha, sinadari ɗaya ne ya haɗa su: kafeyin. Yana sa ƙoda ta ƙara tace ruwa, sannan yana tsokanar tsokar mafitsara ta riƙa matsawa tun ba ta cika ba. Mafitsarar babban mutum tana iya riƙe kusan rabin lita, amma idan an tsokane ta, ɗan kaɗan ne zai taru ka ji kamar za ka fashe. Likitoci sun ce kada lafiyayyen baligi ya wuce miligiram 400 a yini, mai juna biyu kuma 200. Gwangwanin Coca-Cola yana da talatin da 'yan kai, kofin gahawa kan kai kusan ɗari. Goro kuwa ba mai lissafa shi, don mun ɗauke shi abin fita kunya ne kawai. Kuma bayan awa biyar da sha, kusan rabin kafeyin ɗin yana nan a jini. To wanda ya zauna majalisa bayan Isha'i ana zagayawa da shayin Buzaye zubi uku, kada ya yi mamakin tashi cikin dare, ko makara sallar Asuba.

Lemon kwalba ko da babu kafeyin a cikinsa, gas ɗin da tsamin da zaƙin roba na waɗanda ake cewa ba suga suna tayar wa wasu mutane da matsuwa. Ba kowa ba, jiki ya bambanta.

Giya kam Allah Ya gama magana a kanta a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Abin da zan ƙara kawai, tana danne sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya yi ta zuba, ta kuma gusar da hankalin da zai farkar da mutum. Wanda aka jarraba da ita, Allah Ya yaye masa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga fitsari na damunsa sai ya rage shan ruwa. A zafin Kano na watan Afirilu! Fitsarin zai yi kauri, ya yi ja, ya ƙara ƙona mafitsara. Ruwa ka sha da rana, ka sassauta in dare ya yi. Kafeyin ɗin za ka rage, a hankali, don yanke shi lokaci guda na kawo ciwon kai. Gwada sati biyu ka gani.

Idan ka rage ba ka ga sauyi ba, ko akwai zafi, ko jini, ko ƙishirwa mai tsanani da rama, ko kai dattijo ne fitsarin na fita da ƙyar, ka tafi asibiti. Yana iya zama ciwon suga, ciwon sanyi, tsargiya ko kumburin furostet, wani ƙullutun tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Yoyon fitsarin da ke samun mata bayan doguwar naƙuda shi ma daban ne, aiki ake yi, kuma akwai sashensa a Asibitin Murtala da ke Kano.

Wanda kuwa ɗigon ya zame masa lalura, yana zuwa ba da ikonsa ba a mafi yawan lokaci, malamanmu na Malikiyya sun ce alwalarsa ba ta warwarewa da shi, an dai so ya sabunta ta a kowace sallah. Kada kunya ko waswasi su raba shi da jam'i. Ya tambayi malami yadda hukuncin ya hau kansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.