Yadda aka jawo ni saman Debre Damo

Waɗanda suka san tafiyarmu ta Habasha, kafin yaƙin Tigray ya ɓarke a 2020, sun san kabarin Najjashi muka je ziyarta a Negash, sun kuma san wanda ya kafe a kan sai mun ƙarasa Debre Damo, gidan masu zuhudu na Kirista da ke yamma da garin Adigrat, domin mu ga ɗaya daga cikin majami'u mafi daɗewa a ƙasar. Abin da wannan abokin tafiyar tamu ya ɓoye mana shi ne gidan masu zuhudun a kan faifan dutse yake, babu matakala, sai igiyar fata mai tsawon kimanin mita 15, kuma maza kaɗai ake bari su hau.

Mutanen wurin sun ce Abuna Aregawi, wanda ya kafa gidan a ƙarni na 6, maciji ne ya miƙo masa wutsiya ya hau. Ni kuwa wani dattijo ne ya ɗaura mini igiya ta biyu a ƙugu, ya tamke ta daidai kan zariyar wandona. Ban kai rabi ba hannuwana suka mutu, ƙafafuna suka zame daga ramukan dutsen, na koma ina lilo. Iska ta ɗage babbar rigata ta kifa mini ita a ka, hulata ta yi ƙasa, kuma a daidai wannan lokacin na ji zariyar ta saki. Da hannu ɗaya na riƙe igiya, da ɗayan na riƙe mutuncina, ina salati a cikin riga, masu zuhudun kuma suna jana daga sama kamar guga, dutsen yana goge mini gwiwoyi. Da na iso, wani tsohon limaminsu da ya yi jika da ni ya biyo bayana ba takalmi, da buhu a gadon baya, ko haki ba ya yi, ya gaishe ni cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

Ginin dai ya cancanci wahalar. Bangonsa jerin duwatsu ne da jerin katako, wani a kan wani, irin ginin zamanin tsohuwar daular Aksum, kawunan gungumen suna leƙowa waje a jere. A rufin zauren shiga akwai allunan katako da aka sassaƙa namun daji a jikinsu, a waje kuma ga tafkunan da aka fafe a dutse domin tara ruwan sama. A nan aka binne Sarkin Habasha Lebna Dengel a 1540, bayan yaƙin Imam Ahmad Gragn ya raba shi da yawancin ƙasarsa. Duk wannan da hannu ɗaya a ƙugu na kalle shi.

Shi kuwa wanda ya kawo shawarar, ko taɓa igiyar bai yi ba. Ciwon gwiwa ya tuna da shi nan take, mutumin da yake buga ƙwallo duk Asabar. Ciwon bai hana shi ja da baya ya nemi inda hoto zai fi fita ba, kuma a bidiyon da ya tura wa dangi ta WhatsApp ana jin muryarsa yana cewa, "Alhaji, saki wandon ka kama igiya!" Surukata ma ta gani. Hular kuma ya rantse iska ce ta tafi da ita, alhali da Babbar Sallah na ga mai irin aikinta sak a kan ƙanensa.