Lokaci Bai Yi Ba Ne, Samarin Jos?

Assalamu alaikum, ƙannena da abokaina.

Makonni uku da suka wuce muka kai wani yaron unguwarmu makwancinsa a maƙabartar Zaria Road. Bai cika shekara ashirin da biyar ba. Faɗan sara-suka ne ya rutsa da shi cikin dare, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da aka ajiye makara a ƙofar masallaci, liman ya ce a daidaita sahu, sai na hangi abokansa sun rakuɓe a jikin katanga, idanunsu jajur, wasu na kuka kamar ƙananan yara. Ɗaya daga cikinsu ya matso ya ja hannun rigata, ya ce a hankali, "Yaya, raka'a nawa ake yi?" Na ce masa babu ruku'u babu sujada, kabbara huɗu ce a tsaye, ka bi liman kawai. Ya tsaya kusa da ni, kafaɗarsa na rawa har aka sallame.

Wallahi kunya ce ta kama ni. A gabana yaron nan ya tashi, kuma tsakanin gidansu da namu masallatai uku ne. Ban taɓa tsayawa na tambaye shi ko ya yi salla ba, sai dai in na hango su a majalisa in sauya hanya.

Jos ba ta rasa addini ba. A garin nan aka kafa Izala a 1978, ga zawiyoyin ɗariƙa, ga Islamiyyu a kowane lungu. In azumi ya kama, daga Gangare zuwa Rikkos har Unguwar Rogo lasifika ce ke amsa lasifika da tafsiri. Ranar Juma'a sahu har kan titi. Amma a lungunan nan ne mace ba ta iya fitar da wayarta bayan magariba. Kunnuwanmu sun ƙoshi da wa'azi, zukatanmu kuwa barci suke.

Dole in faɗi wata gaskiya mai ɗaci game da mu manya. Yaran da ke riƙe da wuƙa yau, a cikin rikici suka buɗe ido: Satumbar 2001, Nuwambar 2008, Janairun 2010. Sun ga makami a hannun yayyensu, sun ji ana kiran mai zafin zuciya jarumi. Da ƙura ta lafa, kowa ya koma kasuwarsa, ba wanda ya zauna ya karɓi wuƙar daga hannunsu ko ya cire ta daga zuciyarsu. Yanzu ga ta ta juyo cikin gida.

Sai ƙwaya ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye, kuma a cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma ku kun fi ni sanin cewa kwalbar ba ta ɓace ba, tiramol ma haka. Ga caca ta baro shago ta shige waya, saurayi zai yi dako tun safe a Terminus, kafin isha'i ya zuba kuɗin a wasan ƙwallon da ake bugawa a Ingila. Allah da ya haɗa giya da caca a aya ɗaya cikin Suratul Ma'ida ya faɗi abin da suke haifarwa: gaba da ƙiyayya, da toshe hanyar ambaton Allah da salla. Ku dubi majalisarku ku gaya mini wanne ne bai tabbata ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan bawa ya yi zunubi ana ɗiga baƙin ɗigo a zuciyarsa. In ya tuba a goge, in ya ƙara ɗigon ya ƙaru har ya rufe ta. Shi ya sa mutum zai sari ɗan'uwansa, ya wanke hannu, ya je wurin mai shayi a haɗa masa da ƙwai. Ba a haife shi haka ba, ɗigo ɗigo ne ya taru.

Amma akwai ayar da nake so ku riƙe, ta 16 a Suratul Hadid, inda Allah yake tambaya ko lokaci bai yi ba ga waɗanda suka yi imani zukatansu su rusuna ga ambatonsa. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ce shekara huɗu ce kawai tsakanin musuluntarsu da wannan jan kunne. Sahabbai ke nan fa. Malamai kuma sun ba da labarin Fudailu ɗan Iyad, ɗan fashin da ayari ke tsoron bin hanyarsa. Yana cikin haura katanga da dare ya ji ana karanta ayar nan, ya ce, "Na'am ya Ubangiji, lokaci ya yi." Ya sauko, ya ƙare rayuwarsa a Makka cikin manyan masu tsoron Allah da ake kafa hujja da su. Ƙanena, kai da kake ganin ka yi nisa ba ka jin kira, Fudailu ya fi ka nisa.

Ban ce ka wayi gari malami ba. Ka fara da asuba. Na san sanyin Jos a watan Disamba, ruwan buta kamar ƙanƙara, amma wanda ya iya yaye bargo don Allah zai iya ajiye kwalba don Allah. Ka bar majalisar da ka san me ake yi a cikinta, ko za su ce ka zama ustaz. In shan ya kama jikinka, je asibiti, ciwo ne da ake magani, ba abin kunya ba ne. Kuma ka sani tubar da ta shafi haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar musu da abinsu.

Yaron nan da ya tambaye ni raka'a, tun bayan kwana uku yake zuwa asuba. A sahun baya yake tsayawa, kusa da takalma. Jiya da aka watse ya tare ni a ƙofa, ya zaro wata waya mai fasasshen gilashi daga aljihu, ya ce a Bauchi Road ya ƙwace ta bara, bai san mai ita ba. Muka koma ciki wurin liman. Malam ya ce ya fara neman mai ita ta lambobin da ke ciki, in ya rasa shi ya yi sadaka da kuɗinta a madadinsa. Yau da la'asar za mu kai ta wurin mai gyara a kunna ta.