Ƙofa Mai Buɗewa da Kati Ba Ta Gane Fuska

A daren 13 ga Fabrairun 2023, da misalin ƙarfe takwas da kwata, wani mutum ɗan shekara 43 wanda ba ɗalibi ba kuma ba ma'aikaci ba ya shiga ginin Berkey Hall na Jami'ar Jihar Michigan da ke Amurka, ya buɗe wuta a cikin aji, sannan ya wuce cibiyar ɗalibai ya ci gaba da harbi. Ɗalibai 3 suka rasu, wasu 5 suka jikkata. Babu wanda ya tare shi a bakin ƙofa, domin gine-ginen a buɗe suke ga kowa. Wata guda bayan wannan musiba, daga ranar 13 ga Maris, hukumar jami'ar ta shimfiɗa doka cewa mafi yawan gine-ginenta ba za su shigu ba daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 7:30 na safe sai ga mai riƙe da katin shaidar jami'a.

A ganina matakin ya dace, kuma duk jami'ar da ke da halin kafa irin wannan tsari ya kamata ta kafa. Katin yana da fifiko a kan mukulli ta fuskoki da dama. Idan mukulli ya ɓata sai an canza kwaɗo an sake raba wa jama'a sababbi, amma idan kati ya ɓata, ma'aikaci ɗaya zai soke shi daga kwamfuta cikin minti guda. Ana iya ba ɗalibin digirin digirgir izinin shiga ɗakin gwaje-gwajen sashensu da tsakar dare, a hana shi shiga ofishin da ake ajiye takardun jarrabawa. Haka kuma duk lokacin da aka kara kati a jikin na'ura, tana rubuta lambarsa da ƙofar da lokacin.

Inda nake da ja shi ne yadda wasu hukumomi ke ɗaukar cewa da zarar an liƙa na'urar an gama da batun tsaro. Mu ɗauki ɗalibar da ta iso ƙofar sashensu da ƙarfe goma na dare, littattafai a hannu. Ta kara katinta, fitila ta nuna kore, ƙofa ta buɗe. Sai wani daga bayanta ya ce, "Don Allah riƙe mini." Tarbiyya da kunya ba za su bar ta ta rufe ƙofa a fuskar mutum ba, sai ta riƙe masa, su shige tare, alhali na'ura ta rubuta mutum ɗaya. Wani kuma zai tokare ƙofar da dutse ko kujera don abokinsa da ya manta katinsa a ɗakin kwana, ya tafi ya bar ta haka har gari ya waye. Waɗannan halaye ne na mutanen kirki, shi ya sa suke da wuyar magancewa, kuma duk mai mugun nufi ya san da su.

Akwai kuma haɗarin da ke fitowa daga cikin gida. A watan Satumban 2009 aka kashe Annie Le, ɗalibar digirin digirgir 'yar shekara 24 a Jami'ar Yale, a cikin ginin bincike da ba a shigarsa sai da kati. Wanda ya kashe ta, Raymond Clark, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen ne, yana da nasa katin na halak. Bayanan shiga ɗakuna da na'urorin suka adana sun taimaka wa 'yan sanda wajen gano shi, kuma a 2011 aka yanke masa ɗaurin shekara 44. Katin ya yi amfani a matsayin shaida bayan aikin gama ya gama, amma a lokacin da take buƙatar ɗauki babu abin da ya tsinana mata. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin kuskure ne babba a sallami mai gadi saboda an sayo na'ura. Mai gadin da ya shekara goma a ƙofar tsangaya ya san fuskoki, yana lura da wanda ke raɓe-raɓe, yana kuma jin ihu daga bene na uku.

Jami'o'inmu na Najeriya da Nijar da ke tunanin rungumar tsarin suna da ƙarin abin dubawa, wato wutar lantarki. Kwaɗon maganaɗisu yana sakin ƙofa ne idan wuta ta ɗauke, wani nau'in kuma yana zama a kulle. Na farko zai bar gini a buɗe duk daren da janareta bai tashi ba, na biyu kuma tilas a yi shi yadda na ciki zai iya fita da hannu ba tare da kati ba, in ba haka ba ranar gobara ya zama tarko. Saboda haka batir mai ƙarfi ko sola wani ɓangare ne na kuɗin aikin tun daga farko, kuma ɗan kwangilar da bai sa shi cikin lissafinsa ba bai cancanci aikin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kada tsaro ya zama hujjar korar ɗalibai daga azuzuwa da dare. Karatun dare al'ada ce mai ƙarfi a jami'o'inmu, musamman gab da jarrabawa, domin ɗakin kwanan da ke cunkushe da mutane ba wurin nazari ba ne, kuma ɗan talaka ba shi da wani wurin mai haske da shiru. Idan aka kulle komai da magariba aka ba malamai kaɗai kati, ɗalibai za su koma karatu a lungunan da suka fi haɗari. Abin da ya kamata shi ne a ware gini ɗaya ko biyu a kowace tsangaya, katin kowane ɗalibi mai rajista ya buɗe su, a zaunar da mai gadi a bakin ƙofa, a haskaka hanyar da ta haɗa su da ɗakunan kwana, musamman na mata. Ofishin rajista kuma ya riƙa sanar da sashen tsaro sunan duk wanda ya kammala karatu ko aka sallama daga aiki, domin a soke katinsa a ranar, sannan a fayyace a rubuce waɗanda ke da ikon duba bayanan zirga-zirgar mutane da tsawon lokacin da za a adana su.