Garken da ke cikin Jauro

Teburin mai shayi a bakin tasha, bayan isha'i. Ba'ana ya gama da indomi da ƙwai biyar yana sakace, Sadiku ɗan jami'a yana taya yayansa soya ƙwai, sai ga Jauro dafe da ciki.

Jauro: Mai shayi ruwan bunu kawai. Aradu tun jiya cikina ke kiɗa kamar gidan biki.

Ba'ana: Madalla, bawana ya haɗiyi abin da ya fi ƙarfinsa. Ashe kai ne ka ɓata mana iskar wajen nan tun kafin ka zauna. Me ka ci?

Jauro: Bawan wa? Garau-garau ne kwano biyu a kasuwa sai na bi da ƙosai, to cikin dare uwar 'ya'yana ta naɗe tabarmarta ta koma wajen maruƙa wai gara su.

Sadiku: Baffa ai ba ciwo ba ne wannan, dabbobinka ne suka samu harawa.

Jauro: Kai yaro, shanuna na ruga na ƙirga su da magariba.

Sadiku: Na cikin hanjinka nake nufi. Babban hanji, wanda tsawonsa ya kai mita ɗaya da rabi, cike yake da ƙwayoyin bakteriya, an kiyasta a jikin mutum ɗaya sun kai tiriliyan 38 kuma kusan dukansu a can suke zaune.

Jauro: Tiriliyan… sun fi shanun kasuwar Potiskum?

Sadiku: Sun fi shanun duniya kaf.

Ba'ana: Yi a hankali Sadiku kar hukuma ta ji ta dawo da jangali, wannan ko wandonsa aka sayar ba zai biya ba.

Jauro: Hoɗijam! To su waye suka kawo su ba sallama, kuma me suke ci?

Sadiku: Abin da ya gagare ka. Kaga shi wake akwai wani irin sukari a cikinsa, rafinos da ɗan'uwansa, jikin ɗan Adam ba shi da sinadarin da zai narka su, sai su wuce tumbi su wuce ƙaramin hanji lafiya lau ba wanda ya taɓa su, suna isa babban hanji sai ƙwayoyin nan irin su Bifidobakteriya su yi musu caa su tsima su kamar yadda madara ke kwana ta zama nono. Haka albasa da tafarnuwa, su nasu ana ce masa inulin. Irin wannan cimar ita turawa suka sa wa suna firibayotik a 1995.

Jauro: Firi me? Kyauta ake ba da ita?

Ba'ana: Ya ji firi ya miƙe zaune, Allah ya shirye ka Jauro.

Sadiku: A'a baffa. Bari na yi maka da yarenka. Kindirmo da nono akwai ƙwayoyin masu rai a ciki, shan su kamar ka sayo sabbin shanu ne. Wake da albasa da kuɓewa da dawar da ba a surfe ta tas ba, su ne makiyayar.

Jauro: Yawwa, yanzu ka yi magana! Saniya ba ciyawa ai asara ce. To ina nonon? Ni ba na kiwon banza.

Sadiku: Akwai kuwa. In sun tsima abincin suna fitar da wasu 'yan sinadarai uku, ɗaya daga cikinsu butiret, shi ne abincin bangon hanjinka, da shi yake samun ƙarfi. Kuma wajen yana ɗan yin tsami yadda miyagun ƙwayoyi ba sa sakewa, bahaya ma ya zo da sauƙi ba sai ka yi ta nishi a bayan gari kamar mai naƙuda ba.

Jauro: To kiɗan fa?

Sadiku: Wannan kukan garke ne. Tsimi dole ya ba da iska, lafiyayyen mutum ma yana saki sau goma zuwa ashirin a rana.

Ba'ana: Ni dai ban taɓa ba.

Mai shayi: Ba'ana ji tsoron Allah, a bencin nan kake kwana.

Sadiku: Laifinka ɗaya baffa, wata guda kana kan biredi da shayi sai rana ɗaya ka juye musu kwano biyu. Kaɗan-kaɗan ake yi har su saba, a jiƙa waken ya kwana a zubar da ruwan, kuma a sha ruwa sosai. Ko ɗumame ma yana yi, tuwo ko shinkafa in suka huce wani ɓangaren sitacin yana taurarewa ya tsere wa narkewa ya isa wajensu.

Jauro: Ashe tsoffinmu da ɗumamensu sun riga ku boko. Ni dama yanzu nake shirin shiga kemis in sayi kafso ja da yalo in kashe abin.

Sadiku: Kul! Wannan ai ka cinna wa makiyaya wuta ne da shanun a ciki, ba ya tantance nagari da mugu. Sai in likita ne ya rubuta.

Jauro: Subhanallahi, na kusa karya kaina. Amma yaro tsakaninka da Allah, wannan warin da ke tashi, garkena ne?

Sadiku: Toh… iskar da wake ke kawowa yawancinta ƙara ce ba wari. Warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai daga sinadarin salfa yake, shi kuma ya fi yawa a nama da ƙwai.

Kowa ya juya ya kalli farantin Ba'ana, ɓawon ƙwai biyar na gefe.

Ba'ana: Mai shayi nawa ne kuɗina, dare ya yi.

Jauro: Zauna bawana, ina za ka? Naka garken duk awaki ne marasa tarbiyya. Kawo su in kiwata maka, wake mudu ɗaya duk sati, ladan kiwo kuma ka biya min shayin nan.