Inna ta kira ni sau biyu, ban ɗaga ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da zan faɗa da kaina zan fara, don ni ne mai laifin farko.

Daren jiya ina kwance ina kallon wani fim ɗin Indiya a waya, Oh! Baby, na harshen Telugu da ya fito a 2019. Ba tallar fim nake yi ba, ku dai bi ni a hankali. Labarin wata tsohuwa ce mai shekara 70. Mijinta ya mutu tana da ƙuruciya, ita kaɗai ta yi ta fama har ɗanta ya zama malamin kwaleji. Da tsufa ya zo sai bakinta ya ishi kowa. Surukarta ta kwanta ciwo, aka ɗora mata laifin, ta fice daga gidan zuciyarta a karye. Ta shiga shagon hoto, ta fito 'yar shekara 24. Fim ne na barkwanci, ina ta dariya.

Ana cikin haka kiran Inna ya shigo. Na katse. Ta sake kira, na sake katsewa, na ce a raina ai labarin nan ne dai na ciwon gwiwa da rigimar maƙwabciya, na ji shi ya fi sau goma.

Sai ga ƙarshen fim ɗin. Jikanta ya yi hatsari, ana neman jini, ita kuma ta san idan ta bayar tsufanta zai dawo. Ɗanta ya gane ta, ya roƙe ta da ta tafi ta more ƙuruciyar da ta rasa saboda shi. Ta ƙi. Ta miƙa hannu aka ɗebi jinin.

Wallahi nan jikina ya yi sanyi. Hannun Inna ne ya faɗo mini a rai, da tabon ƙunar mai a bayansa, na shekarun da ta yi tana suyar ƙosai tun kafin a kira assalatu. Ranar da aka koro ni kan kuɗin makaranta, 'yan kunnenta na aure ta cire ta ba dillaliya. Ita ma fa an yi mata lalle, an yi mata guɗa. Ina wannan ƙuruciyar ta tafi? Mu muka cinye ta, kuma babu shagon hoton da zai dawo mata da ita.

Kai da kake ce wa mahaifiyarka "Hajiya, kin fiye maimaita magana", sau nawa ta maimaita maka kalma ɗaya kafin bakinka ya buɗe? Ke da kike tura yara su kai wa kakarsu tuwo ɗaki, ke kuwa ko leƙawa ba kya yi, haka kike so a yi miki? Wani ya tura kuɗi ƙarshen wata, shi ke nan a ganinsa ya gama biyayya. Wani kuma matarsa ce ta kawo ƙara, bai tsaya jin ta bakin tsohuwa ba ya hau ta da faɗa. Haba jama'a! Ko tsaki Allah Ya hana mu yi wa iyaye a Suratul Isra'i, kuma lokacin tsufansu Ya ambata, domin a nan haƙuri ke ƙarewa. Na san wasu tsofaffin akwai wuyar sha'ani, bakinsu da kaifi. A hakan aka ce mu yi haƙurin.

Da asuba na kira ta. Ko fushi ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Dama muryarka nake son ji, na ji shiru kwana biyu." Na rasa abin cewa, sai na tambaye ta gwiwar. Ta ba ni labarin tun daga farko, na saurara har ta gama.

Wanda tasa ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta. Kai kuma da taka ke raye, don Allah ajiye wannan rubutun ka kira ta. Kar ka ce sai an jima. Don girman Allah, kira ta yanzu.