Wasan da ya shekara ɗari a Olamfik ba tare da mata ba

Tun a Chamonix ta Faransa a 1924, inda aka fara gasar Olamfik ta lokacin hunturu, ake fafatawa a wasan Nordic combined. Wasa biyu ne aka haɗa wa mutum ɗaya: ya dirko daga dogon tudun ƙanƙara da katakon sulu a ƙafa, sannan ya yi tseren nisa a kan dusar ƙanƙara. Wahalarsa a jiki take. Tsalle yana son mutum mara nauyi, tsere kuma yana son ƙarfin cinya da dogon numfashi, don haka duk wanda ya ƙara tsoka saboda tsere zai rasa mitoci a sama.

Da can ana fara tsere ne, a yi tsalle daga baya, sai alƙalai su zauna su haɗa maki, 'yan kallo na jira. A Oslo ta Norway a 1952 aka juya tsarin. Gyara mafi amfani ya zo Olamfik a Calgary ta Kanada a 1988, da dabarar Gunder Gundersen ɗan Norway: ana mayar da makin tsalle zuwa daƙiƙu. A yau maki ɗaya daƙiƙa huɗu ne, wato wanda aka fi da maki 15 zai tashi bayan minti ɗaya a tseren kilomita 10. Wanda ya fara tsallake layi shi ya ci, ba sai an jira lissafi ba.

Duk da wannan tarihi, a 2022 kwamitin Olamfik na duniya ya ƙi ba mata gurbi a gasar Milano Cortina ta 2026 a Italiya, har ya ce zai sake duba makomar wasan gaba ɗaya. Hujjarsa ita ce ƙarancin ƙasashen da ke da mata masu wannan wasa, da ƙarancin masu kallo, da cewa ƙasashe huɗu kaɗai, Norway da Jamus da Austriya da Japan, ke kwashe lambobin yabo.

Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Gina tudun tsalle yana cin kuɗi mai yawa, kuma hukumomin wasanni na ƙasashe ba sa zuba kuɗi a wasan da ba shi da lambar Olamfik. An hana mata gurbi, sannan ana tuhumar su da rashin yawa. Gasar cin kofin duniya tasu ma sai a Disambar 2020 aka fara ta a Ramsau ta Austriya, kuma an yanke musu hukunci ba su cika shekara biyu da farawa ba.