Ga wanda ya taɓa kurɓa sau ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau da kai nake ɗan uwana, kai da aka miƙo wa kofin giya cikin abokai ka ji nauyin cewa a'a ka kurɓa, tun ranar kuma hankalinka ya ƙi kwanciya.

Tsakaninka da Allah daɗi ka ji? Ɗaci ne da zafi a maƙogwaro, kai ya yi nauyi, ga tashin zuciya wani ma har amai, amma ka daure kana dariya don kar a ce maka yaro. Jikinka ma bai karɓe ta ba, hanta ce ke ta wahalar fitar da ita saboda guba ce a wurinta. Masu ce maka ai za ka saba gaskiya suka faɗa wallahi, kuma sabon nan shi ne bala'in, abin da kofi ɗaya ya yi maka yau nan gaba sai biyu sai uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 2.6, da yawansu da kurɓar farko suka fara.

Kar kuma wani ya ruɗe ka da ai ba ka bugu ba. Annabi (SAW) ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne, a Suratul Ma'ida aya ta 90 kuma Allah cewa ya yi ku nisance ta, bai ce ku rage ba. Anas bin Malik yana cikin zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha aka ji mai shela yana cewa an haramta, nan take aka ce fita ka zubar, har ta riƙa malala a titunan Madina, kuma fa mutanen da suka tashi da ita ne tun jahiliyya.

Mu kuma masu saurin tsinuwa mu ji tsoron Allah. An sha kawo wani sahabi kan shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa.

To ka tuba tsakaninka da Ubangijinka, ba sai ka tallata kanka ba, sallah kuma kar ka bari ko da wasa. Wajen zaman nan dai dole ka canza shi. In sun sake kira ka ce ba na sha, kar ka tsaya dogon bayani.